Gadar Tsalle a Gonar Baba

Ni mai walda ne. Rumfata tana bakin titin da ya ratsa garinmu ya nufi Ɗambatta, kuma tun ina saurayi nake ƙona idona a kan ƙarfe. Ƙofofi, tagogi, amalanken shanu, garmar da ta karye, gadon amarya, babu wanda ban yi ba. Da can akwai wata magana da nake yawan faɗa wa masu kawo mini aiki, cewa ƙarfe zai iya karyewa a ko'ina amma ban da inda na ɗinke shi. Ba ƙarya nake yi ba, har yau ba a taɓa dawo mini da aiki ba. Amma na daina faɗar maganar tun shekarar da ƙanina, autan gidanmu, ya daina tafiya da ƙafafunsa.

Na ba shi shekara goma sha ɗaya. Bakaniken babura ne, rumfarsa tana jikin tawa, janareta ɗaya muke ja. Hannunsa yana da kyau a kan inji, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai musa ba, sai dai akwai rawar kai. Duk bikin da aka yi a yankinmu, in ka ji samari sun ɓarke da ihu a bayan motar amarya, to shi ne ya ɗaga tayar gaba yana tafiya a kan ta baya. Sau biyu na mare shi a kan haka, na biyun har ya fara tara gemu. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sai ya shafa kumatu ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya," washegari kuma ya sake.

Wata rana da kaka ya dawo daga wajen Bici a bayan akori-kura, yana zaune a kan wani abu da aka ɗaure da igiya. Wata babbar gona ce da ta mutu aka yi gwanjon tarkacenta, shi kuma ya kwaso wannan. Babur ne mai ƙafa huɗu, tayoyinsa gajeru masu kauri kamar turmi, injin ya ci tsatsa, ɓeraye sun gama da wayoyinsa. Na ce masa ya kira 'yan gwangwan su auna su ɗauke kafin ya cike mana wuri. Wata biyu ya yi a kansa, yana zuwa Kano neman kayan gyara, abin da bai samu ba ya kawo mini in ƙera. Ranar da injin ya tashi, awakin unguwarmu sai da suka tsinke igiya.

Daga nan rigima ta fara, domin a wajenmu babu fili. Gona tana jikin gona tun daga bayan katangar gari har zuwa bayan katangar gari na gaba. Iyakar da ke tsakaninsu layin gamba ne ko 'yan itatuwan lalle, hanyoyin da ke ratsa su kuwa daidai faɗin jaki da mangala aka bar su. Babur ɗin auta ya fi hanyar faɗi. Duk inda ya bi sai ya taka wani abu na wani, ko waken da ba a gama roro ba, ko karan da aka jingine. Kullum da yamma sai an yi sallama da Baba a soro an kawo ƙara, Baba ya ba da haƙuri, ya shigo gida ya sauke a kaina, tunda ni ne babba.

Ana cikin haka ya zo mini da waya. Bidiyo ne na waɗansu mutane a wata ƙasa, kowa da irin babur ɗinsa, suna shararowa da gudu su hau wata gada ta ƙarfe wadda ta lanƙwashe sama ta ƙare a iska, su tashi, wani ya saki hannu, wani ya miƙe ƙafafu, sannan su sauka a kan wani tudun ƙasa su wuce.

"Yaya, irin wannan za ka yi mini," ya ce. "In ina da ita ai ba sai na bi ta gonar kowa ba. Wuri ɗaya zan tsaya."

"Gadar da ba ta da ɗaya ƙarshen?" na ce. "Ɗauke mini wayarka kafin in saka ta a wuta."

Ya ɗauke. Bayan kwana huɗu ina dawowa daga masallaci na hango taron yara a bayan makarantar firamare. Auta ya jingina katakon gini guda uku a kan wata tsohuwar ganga, ya danne gindinsu da duwatsu, yana hawa. A gaban idona katako ɗaya ya tsage, babur ɗin ya karkace, ya sauka da ƙafa biyu ya yi tangaɗi, Allah ya kiyaye. Na tarwatsa yaran, na yi jifa da gangar, na zazzage masa duk abin da ke bakina. Yana tsaye yana kallon ƙasa, amma na san kallon. Yana lissafin inda zai samo katako mai kauri ne.

Da yammacin ranar Inna ta aika a kira ni. Tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta, ba ta ko ɗago ba.

"Ka san ba zai bari ba," ta ce.

"To ni me zan yi masa, Inna? In ɗaure shi a turke?"

"Ka yi masa abin. In ka ƙi, wajen wani zai je a yi masa na banza, ko ya ci gaba da katakon nan har ya kashe kansa. Kai na sani, in ka yi abu yana yin ƙwari. Ka yi masa mai ƙwari, in san a kan aikinka yake."

Na fita ina huci, amma ban kai soro ba na san zan yi. Kuma bari in faɗi gaskiya, maganarta ta yi mini daɗi. A gidanmu auta ne ake dariya da shi, ni kuwa ni ake kira in abu ya lalace, kuma ba kasafai ake faɗa mini haka a fuska ba.

Na samo shasin wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, dogayen ƙarafa biyu masu kauri, da faifan ƙarfe daga bodin wata tirela da ta yi haɗari. Da farko na zana gadar a ƙasa miƙaƙƙiya, irin matakalar da nake yi wa masu lodin shanu a kasuwar Ɗambatta. Auta ya duba ya kwashe da dariya.

"Haba Yaya, ni sa ne? Sai ta lanƙwasa. Lanƙwasar ce ke jefa mutum sama."

Ya kafa turke a tsakar rumfa, ya ɗaura igiya, ya ja zagaye da ƙusa a ƙasa, ya nuna mini yankin da yake so. Na ji haushi ƙanina yana koya mini awo, amma zanen ya yi daidai. Lanƙwasa shasin mota ba wasa ba ne in ba ka da injin yi. Sai na riƙa tsaga ƙarfen da giranda, wato abin yankan ƙarfe mai faifai, tsakanin tsaga da tsaga faɗin tafin hannu, mu danna shi ya bi zanen, in cike kowace tsaga da walda, in ƙara ɗora ƙarfe a bayanta in sake ɗinkewa. Kwana tara muka yi a kan ƙarafan nan biyu kawai. Idona ya yi ja har sai da matata ta riƙa ɗora mini tsumma mai sanyi. Na yi wa gadar ƙafafu shida da makarai a gicciye, na shimfiɗa faifan, na jera guntayen rodi a kwance don taya ta samu abin kamawa. Da aka tayar da ita, bakinta ya kai ƙirjina.

Ban yarda da ita haka kawai ba. Na ɗauki guduma na bi kowane ɗinki ina duka ina saurare, domin waldar da ke da rami a ciki muryarta daban ce. Wuri biyu ban gamsu ba, na kankare na sake. Na tara ƙarti goma sha biyu daga tashar babura na ce su hau su yi ta tsalle. Ko motsi ba ta yi ba. Masu wucewa a mota suna rage gudu su leƙo, wani direba har ya tsaya ya tambaya ko ta lodin raƙuma ce. Mutanen gari suka sa mata suna gadar tsalle. Ban taɓa yin aikin da na yi alfahari da shi kamar wannan ba.

Saura wurin kafawa. Bazara ta shigo, gonaki sun zama fayau, babu komai sai tushen kara. Baba yana da wata gona a bayan gari, doguwa siririya, ita kaɗai ce za ta ba da tazarar gudu. Muka same shi a soro bayan azahar. Ya yarda da gadar ba tare da dogon zance ba, don ya gaji da karɓar ƙara. Amma da auta ya ce sai an yi tudun sauka, tsayinsa ya kusa kai mutum, tsawonsa kamar ɗaki biyu, sai Baba ya ajiye carbinsa.

"Da wace ƙasar?"

"A haƙa a gefe mana, Baba, in an gama a mayar."

"Ƙasar gonar nan kakana ne ya gyara ta da jaki da kwando. Ba mai haƙa mini rami a ciki ya juyo mini ta ƙasa ta dawo sama."

"To a ɗebo ta kududdufi."

"Jar ƙasa? A gonata? In ta zauna a wurin, ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito. Ku ji ni da kyau ku biyun. Ba abin da zai shiga gonar nan sai abin da gona za ta ci."

A nan ne na buɗe bakina. Ba auta ba ne, ba Baba ba ne, ni ne. Na ce ai lokacin kai taki ne. Duk shekara muna kwashe abin da ya taru a turken awaki da tumaki da na shanun huɗa, da tokar murhu da sharar tsakar gida, mu kai gona mu zuba tsibi-tsibi, sai ruwa ya kusa a baza. Na ce bana maimakon tsibi-tsibi a tula shi wuri ɗaya, ya zama tudun. In auta ya gama wasansa a baza, gona ta ci abinta. Na ƙara da cewa taki ma ya fi ƙasa, don yana da laushi, ko da mutum ya faɗo ba zai ji jiki ba.

Baba ya dube ni ya yi dariya, abin da ba ya yawan yi. Ya ce, "Ka ga amfanin babba." Har ya aika wa baffanmu ya kawo nasa takin a haɗa, in an tashi bazawa a raba.

Da babur ɗin auta muka ja amalanken, kuma a makon nan kaɗai ne dattawan gari suka yi wa na'urar nan kallon arziki. Muka tula takin ya yi tudu, muka gyara masa gangara yadda yake a bidiyon. Amma da ka taka sai ƙafarka ta nutse. Sai na tuna yadda mata suke daɓen ɗaki kafin siminti ya yawaita. Inna tana da tsohon madaɓinta a bayan rumbu, ita da kanta ta ɗauko mana shi ta karkaɗe. Muka watsa wa tudun rairayi a sama, muka riƙa kawo ruwa a jarkoki safe da yamma muna yayyafawa, muna dukansa da madaɓi da faifan shebur. Rana ta bazara ta gasa shi. Cikin mako guda bayansa ya yi tauri ya yi sumul, na hau na yi tsalle da duka nauyina, ko sawu ban bari ba.

Aka sa rana, Juma'a bayan la'asar. Ba mu gayyaci kowa ba, amma labari ya kai ƙauyuka uku.

Da hantsin ranar na tafi gonar da rodi biyu da guduma. So nake in kafa su a kan tudun, dama da hagu, in ɗaura musu tsumma, don auta ya ga inda zai nufa yana sama. Na ɗora rodin farko na ba shi guduma ɗaya. Ɓawon ya fashe, rodin kuma ya zurma da kansa, ba tare da na ƙara duka ba, har sai da hannuna ya taɓa tudun. Na zaro shi. Ya fito baƙi, jiƙe, yana wari, kuma da zafi, zafin da sai da na sauya hannu.

Babu ɗan manomin da bai san wannan ba. Muna yara a cikin tulin taki muke binne ɗanyen mangwaro don ya nuna da wuri. Taki in ya taru ya sha ruwa, dahuwa yake yi daga ciki, ya ruɓe ya zama kamar kunu, mu kuwa mako guda muna ba shi ruwa. Na tsaya riƙe da rodin nan, kuma na san abin da nake gani. Na ce wa kaina ai laushin ake so. Na ce ai na yi tsalle a kansa bai fashe ba. Abin da ban faɗa wa kaina ba shi ne, jama'a za su zo ganin gadata, kuma ba na son a ce babban ne ya ji tsoro ya ɗaga ranar. Na goge rodin a jikin wandona, na murje ramin da dunduniya, na je na kafa rodunan biyu a gindin tudun inda ƙasa take da tauri.

Da la'asar gonar ta cika. Samari a kan babura, yara a kan bishiyar ɗorawa, dattawa a gefe suna cewa sun zo ne kawai su ga ƙarshen rashin hankali. Baba yana cikinsu. Inna ba ta fito ba, amma daga gidanmu ana jin ƙarar injin. Auta ya sa hular kwano da na tilasta masa saya. Ya zagaya sau uku yana gwada gudu, yana zuwa bakin gadar ya kauce. A na huɗu ya tsaya kusa da ni ya ɗaga gilashin hular.

"Yaya, komai daidai?"

"Ka taɓa ganin aikina ya ba da kunya?" na ce.

Ya koma can ƙarshen gonar, wajen layin gamba. Ya murɗa totur. Na ji lokacin da tayoyin suka hau faifan, guntayen rodin da ke kansa suka yi wata ƙara a jere, sannan shiru. Ya tashi. Wallahi ya yi kyau. Ya wuce tsayin da na zata, ya miƙe tsaye a kan babur ɗin, rigarsa ta cika da iska, kuma ya nufi tsakiyar rodunan nan biyu daidai, ko kamu ɗaya bai kauce ba. Duk abin da ke nasa ya yi shi daidai.

Tayoyin gaba suka taɓa tudun suka shige ciki har wuya. Babur ɗin ya tsaya cak a gaba, bayansa ya ɗago ya juyo. Auta ya faɗa da baya a kan gangarar, na'urar ta biyo shi ta sauka a kansa. Ihun da aka fara na murna bai ma gama fita daga bakin mutane ba. Inda tudun ya fashe wani tururi yana fita, warin ya cika wurin.

Ni na fara isa. Mu huɗu muka ɗaga babur ɗin muka wurgar gefe. Na cire masa hular. Idonsa biyu, babu jini ko ɗigo, har na fara cewa alhamdulillahi. Sai ya ce, "Yaya, ku ɗage mini shi daga ƙafata mana."

Na ce, "An ɗage."

"Ku ɗage, ya danne ni."

Na sa hannu a hammatarsa na zaunar da shi, ina jijjiga shi ina cewa ya tashi. Wani ya ce a miƙar da shi ya taka, jini ne ya tsaya. Muka gwada. Daga nan na saɓa shi a kafaɗa na yi titi da shi a guje, aka tare bas, muka zaunar da shi a kujera ina riƙe da shi har Kano. A asibitin ƙashi, bayan an ɗauki hoto, wani likita ya tambaya wa ya ɗauko shi daga inda ya faɗi, kuma yaya aka ɗauko shi. Na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce ƙashin baya ya karye ya taɓa laka, kuma mai irin wannan rauni ba a zaunar da shi, a kan abu mai faɗi ake kwantar da shi. Na tambaye shi ko faɗuwar ce ta yi, ko ɗaukar. Ya ce wannan ba zai iya sani ba. Faifan ƙarfe mai faɗi kuwa, ragowar na gadar, yana jingine a rumfata.

Wata uku ya yi a asibiti. A cikin kwanakin nan mutane suka riƙa zuwa gonar suna duba gadar, suna neman inda ta karye. Ba su samu ba. Sai su biyo ta rumfata su yi mini jaje, su ce, "Kai dai ba laifinka, Malam. Mun duba, aikinka ko tsagewa bai yi ba. Ƙaddara ce." Har sababbin masu kawo aiki na samu ta dalilin haka. Duk wanda ya faɗa mini wannan magana ji nake kamar in kwaɗa masa guduma, amma sai in ce Allah ya saka da alheri. Ban gaya wa kowa zancen rodin ba, ko matata.

Hadari ya fara haɗuwa auta yana kwance a Kano. Ruwa ba ya jiran mai jinya, don haka Baba ya ɗauki shebur da kwando shi kaɗai ya baza tudun, ya kai wa baffa rabonsa. Gadar ta fi ƙarfinsa, sai ya yi shuka ya zagaye ta. A shekarar nan dawar da ta fito a inda tudun ya zauna ta fi ta ko'ina tsayi a garinmu, ganyenta har baƙi-baƙi yake. Baba bai taɓa tsayawa a wurin ba in yana zagaya gona. Amma an girbe ta, an zuba a rumbu, mun ci.

Ni da Inna ba mu taɓa ɗaga maganar ba sai sau ɗaya. Na shiga gaishe ta, na durƙusa, na ce ta yafe mini. 

"Me zan yafe? Na ce ka yi masa mai ƙwari," ta ce. "Ka yi."

Madaɓin nan ban sake ganinsa a bayan rumbu ba, kuma ban tambaya ba.

Da aka sallamo auta, ya dawo a keken guragu, ya rame, ya yi shiru. Soron gidanmu yana da dokin ƙofa mai tsayi, wanda aka gina don kada ruwan damina ya shigo, kuma keken ba ya iya haye shi. Duk lokacin da zai fita sai an nemo mutum biyu sun ɗaga shi da keken gaba ɗaya. Mutumin da gari ba ya isarsa, yanzu sai ya jira a ƙwalla wa maƙwabta kira. Bayan ɗan lokaci ya daina cewa zai fita. Ya fi wata biyu bai ga titi ba.

Bayan an girbe dawa, wata safiya na shiga ɗakinsa da kunu, sai ya ce, "Gadar nan tana can?"

Na ce tana can.

"Ka yanko ta ka yi mini matakala a soro. Ƙarfen yana da kyau, kar ya lalace a banza."

Yanka ta ya fi haɗa ta wuya. Faifan giranda huɗu na cinye a kan ɗinkin da na yi da hannuna. Na fitar da guda biyu gajeru, ɗaya ta hawa daga ciki, ɗaya ta sauka zuwa waje, tsayinsu bai wuce kamu ɗaya ba. Na kawo su a amalanke da hantsi. Aka turo auta soro ya zauna yana kallo ina daidaita su. Na haƙa inda ƙafafun za su zauna a waje, na zuba tsakuwa na daddanna. Sannan, ban ma san na yi ba, na ɗauki wani guntun rodi na soka a ƙasar da ke gaban matakalar, na danna da duka ƙarfina don in ji ko akwai laushi a ciki.

Na ɗago na ga yana kallon rodin. Babu kowa a soron sai mu biyu. Na zauna a kan dokin ƙofar, na gaya masa komai: hantsin Juma'ar, guduma ɗaya, zafin ƙarfen, yadda na murje ramin da dunduniya. 

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Na gani ai."

"Ka ga me?"

"Ina gindin ɗorawa ina ɗaure birki. Na ga ya shige, na ga ka sauya hannu. Ni ma a gidan nan aka haife ni, Yaya, na san taki."

"To don me ka hau? Don me ba ka yi magana ba?"

"Na ga ka goge shi a wando ba ka ce komai ba. Sai na ce to lafiya ke nan." Ya gyara ƙafarsa ta hagu da hannu biyu, ya ɗora ta a kan matakin keken. "Ni abin da ka duba ban taɓa sake dubawa ba."

 A waje wani mai rake yana wucewa da baro yana kiran ciniki. Can auta ya kama tayoyin keken ya tura kansa, ya hau matakalar ciki har rabi, hannunsa ya gaza, ya dawo da baya. Ya sake gwadawa, ya sake dawowa.

"Tura ni mana," ya ce. "Tsayuwar me kake yi?"

Na tashi na kama keken ta baya na tura shi. Ya haye dokin ƙofar, ya gangara ɗaya gefen a hankali, ya tsaya a rana yana ƙifta ido. Ƙarfen ko motsi bai yi ba.